Muryar Auta a Waya

Ana idar da sallar magariba abu na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Auta. Baba ya ɗauka dutse ne. Da ya haska fitila sai ya ga kwarkwaron zare, irin wanda ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaurawa a masaƙa kafin a rufe ta. Ya juya shi a hannu. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya.

Dama gidan ba lafiya. Auta aikin amsa waya take a wani kamfani, murya gare ta kamar ta yi wa jariri waƙa. Masu kamfanin suka yi ta naɗar muryar, wai don inganta aiki. Da na'urarsu ta iya magana da ita tsaf, sai suka sallami yarinya. Tun ranar ta shige ɗaki, ko uffan. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ina! Daga baya Inna ta samo wa kanta wata dabara mai ban tausayi: kullum da yamma sai ta laɓe a bayan ƙofa ta kira lambar kamfanin, don kawai ta ji muryar 'yarta.

To, daga faɗowar kwarkwaron nan Auta ta fara magana, amma wallahi gara shirun. Muryar tsoho ce ke fita daga bakinta, mai kauri, tana lissafa sunayen masaƙan da suka daɗe a kabari. Ba ta ci, ba ta sha. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Baba ya ɗauko Malam, yana ce masa: “In ta kai jibi a haka, mun rasa ta.”

Malam ya zauna a bakin tabarma, ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Can Auta ta ɗago kai.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Wane ne kai? Daga ina?”

“Daga masaƙa. Tambayi uban yarinyar nan, ya san ni ko bai gan ni ba. Lokacin da injin ya zo ya kashe wa ubansa saƙar hannu, uban ya yi kuka, ɗan kuwa ya shiga masaƙar ya ci abinci. Ana zagin injin, amma ana zufa, ana tsokanar juna, ni ina kan rufi ina jin ɗumi. Yanzu an cika ginin da akwatunan kwamfuta masu sanyi. Suna magana dare da rana, ba numfashi ko ɗaya. Ni aljani ne, amma tsoro ya kore ni.”

Baba ya sunkuyar da kai. Ɗansa na fari ma ginin ya je neman aiki, aka ce ba a buƙatar kowa.

“Me yarinyar ta yi maka?” in ji Malam.

“Ba komai. Kango na tarar na shiga. Wa ke kiranta? Uwarta ma wancan na cikin waya take kira. Tana bayan ƙofa tana ce wa waya ‘'yata’, yarinya na kwance tana ji.”

Inna ta dafe ƙirji, ta zame ƙasa.

“Za ka fita,” Malam ya ce.

“Zan fita. A bar mini tsohon allon saƙar kakanta da ke rumbu, kada a ƙona. Amma ka sani, Malam, ni ana yi mini karatu in ji. Wanda ya ɗauke mata murya fa, wa zai zaunar da shi a tabarma?”

Malam ya ci gaba da karatu. Auta ta yi atishawa, ta faɗi.

Kashegari ta sha ruwa, ta ɗan taɓa abinci, amma bakin nan gum. Yamma ta yi. Hannun Inna, don sabo, ya kai kan waya, har ta danna. Muryar ta fito, mai daɗi, ba gajiya: “Barka da yamma, da me zan taimaka?”

Inna ta dubi wayar, ta dubi ƙofar ɗakin. Ta kife wayar a ƙasa tana ta magana, ta shiga, ta durƙusa a gaban katifa.

“Auta. Ke nake kira. Ko zagina ne ki yi, in ji.”

Auta ta juyo ta dube ta. Sannan wata murya ta fito, a dishe, a karye, ba daɗin ji ko kaɗan.

“Inna, kashe ta. Ga ni nan.”