Tafin Hannu a Kan Baƙar Riga

A bakin ƙofar makarantar yara, wata mace tana tsaye cikin rana, ta riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu, tana leƙen ɗiyarta tilo kamar mai leƙen kayan sata. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kunama suke ce mata, sunan muguwar matar da ta taɓa fitowa a matsayinta a fim. Marainiya ce, ta tashi a gidan wasan kwaikwayo, ta share dandamali, ta ɗinke labule, kafin a ba ta layin magana na farko a wasa. Da yake Allah ya yi ta da kaifin ido da kakkausar murya, sai masu shirya fim suka yi ta ɗora mata mugunta. Masu kallo kuwa, kaico, ba su taɓa yarda cewa mugunta riga ce da take tuɓewa in an kashe fitilu ba.

“Ke, matsa daga nan!” in ji maigadi. “Baffanta ya ce ko inuwarki kada ta taɓa yarinyar.”

“Baba, ganinta kawai nake yi... ko magana ba zan yi mata ba.”

Wata mata da ta zo ɗaukar ɗanta ta tofar da yawu kusa da ƙafarta. “Mai dukan marainiya! A talabijin ba ki ji kunya ba, a gida ma haka?”

Kunama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta. Ya Allah, kai ne shaida!

Asalin abin kuwa daga wajen gwajin wasa ya taso. Bayan rasuwar mijinta, darakta ya ba ta babban matsayi a wani sabon wasan dandamali, matsayin da Kurciya ta daɗe tana hange. Ita Kurciya ita ce mai fitowa a baiwar Allah, mai kukan da ke sa tsofaffi su yi mata addu’a a hanya. A wasan akwai wurin da uwa ke marin ’yarta. Wata rana yarinyar da ke fitowa a matsayin ’yar ba ta zo ba, sai ɗiyar Kunama, da ke zaune tana aikin makaranta a kan akwatin kaya, ta yi tsalle ta ce ita za ta tsaya. Marin dandamali kuwa ba mari ba ne: hannun dama yana wucewa ta gaban kunci, na hagu ya daki cinyar mai marin, ƙarar ta fito, wanda aka mara ya juya fuska. Yarinyar ta juya fuska, ta fasa ihu kamar yadda aka koya mata, sannan ta faɗi tana dariya. Kurciya tana bayansu da waya a hannu, tana ɗaukar hoton bidiyo. Ta yanke dariyar, ta bar ihun, ta saki hoton ya shiga duniya.

Kafin a ce me, yayan mijinta ya iso da ’yan’uwa. Tun ranar rasuwa idonsa na kan gidan da marigayin ya bar wa yarinyar, ya kuma san duk wanda ya riƙe ta shi zai zauna a ciki.

“Yaya, wallahi ban taɓa ta ba! Wasa ne, ka tambaye ta!”

“Wasa? Dama rayuwarki duka wasa ce. Kin kashe mini ƙane da baƙin ciki, ba za ki ƙara da ’yarsa ba.”

Aka ɓamɓare yarinyar daga jikinta tana kiran “Umma! Umma!”... Darakta ya san gaskiya sarai, amma ya ji tsoron a ƙaurace wa wasansa, ya karɓe matsayin ya miƙa wa Kurciya, ya ce wa Kunama ta ɗan huta har ƙura ta lafa. Abokan aiki suka daina ɗaga wayarta. Ta koma wani ɗaki a bayan shagon tela, tana ɗinka maɓalli, tana kai kukanta ga Mahaliccinta. Ba ta zagi kowa ba. Abu ɗaya ta yi, ta kai ƙara a dawo mata da ’yarta.

Ranar shari’a kotu ta cika maƙil da masu son ganin ƙarshen Kunama. Aka nuna hoton. Kurciya ta tashi cikin farin mayafi, ta yi irin kukan nan nata, ta rantse cewa da idonta ta ga marin. Da aka zo kan Kunama, ta ce, “Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa cewa za a yi na iya ƙarya, tunda sana’ata ke nan. A ba ni izini in nuna.”

Yayan mijin ya yi dariya. “Ta nuna a kaina, in ta isa.”

Alƙali, dattijo mai kaurin tabarau, ya sauko ya tsaya a gefensu. Kunama ta ciro hodar kwalliya daga jakarta, ta shafe tafukanta biyu har suka yi fari fat. Ta bai wa jama’a baya, ta fuskanci mutumin da ya raba ta da ’yarta, ta ɗaga hannu... Tas! Kotu ta ɗauki salati. Shi kuwa da ya ji jama’a na tare da shi, ya kuma raina idon tsoho, sai ya dafe kunci ya zube ƙasa.

“Ta mare ni! Kun gani! A gaban shari’a ta mare ni!”

“Ɗauke hannunka mu ga kuncin,” in ji alƙali.

Babu ko ɗigon hoda. A kan baƙar rigar Kunama kuwa, daidai cinyarta ta hagu, ga shatin yatsu biyar fari tas.

“Wanda ya yi ƙarya a kan kuncinsa ina kallo,” in ji alƙali, “me zai hana shi yi a kan kuncin marainiya? Ke kuma mai farin mayafi, shekarunki nawa a dandamali da ba ki san wannan ba? Kawo wayar.”

A cikinta aka sami hoton cikakke, har da dariyar yarinyar. Wannan karon kukan Kurciya na gaske ne, bai kuwa yi kyau ba ko kaɗan. Aka wuce da ita da yayan mijin a kan shaidar zur, aka mayar wa Kunama ’yarta da gidanta. Darakta ya biyo ta har bakin ƙofa yana cewa matsayinta na nan yana jiran ta, shi dama bai taɓa yarda ba. Waɗanda suka zo kallon faɗuwarta suka ɗaga wayoyi suna roƙon hoto. Haka mutane suke: da bakin da suka tsine, da shi suke sa albarka, ba tare da sun kuskure shi ba.

Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa a gaban ɗiyarta, wadda ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ta ɗaga hannu za ta shafa mata kai. Yarinyar ta runtse ido, ta kare fuska da hannu biyu.

“Ni ce fa... Ummanki ce!”

Yarinyar ta buɗe ido a hankali, ta kama hannun nan mai sauran hoda, ta manna shi a kuncinta.

“Yi haƙuri, Umma, na saba ne. Marin gidan Baffa ba irin namu ba ne. Shi yana da zafi.”