Masassaƙin da Ya Ƙi Sara

Can a wani zamani, a wani tsibiri da ke tsakiyar babban kogi, an yi wani tsoho masassaƙin kwalekwale. Da can tsibirin cike yake da tsirya, ƙaramar akun nan koriya mai doguwar wutsiya. Amma aka yi ta sare itatuwa har tsiryoyin suka ƙare, saura biyu tak.

Rannan sarkin ruwa ya ce a sassaƙa masa sabon kwalekwale da maɗacin da ya rage. Tsoho ya ƙwanƙwasa gindinsa da ƙeyar gatari, yadda masassaƙa ke yi kafin sara. Sai ya ji kukan 'ya'yan tsirya daga kogon reshe.

Ya ajiye gatari ya dubi sarkin ruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na sara."

"Zan kore ka daga tsibirin nan!"

"Ba na sara."

"To, zan kawo wani masassaƙin."

Tsoho ya zauna ya jingina da itacen. "In ya zo, ya fara da ni."

Ɗaya masassaƙin ya zo, ya dubi furfurar tsoho, ya saɓa gatarinsa ya koma.

Shekarar nan da tsohon kwalekwale sarkin ruwa ya yi yawo, yana kwarfe ruwa yana masifa, tsirya shida na gilmawa ta kansa.