Jinin Ni'imatu a Cikin Sanyi

Ɗakin wankin ƙoda ba wurin soyayya ba ne. Wanda ya taɓa raka nasa can ya dawo shi kaɗai ya san haka. Kujeru shida, injuna suna gurnani ƙasa-ƙasa, kuma idan kujera ta wayi gari babu mai ita ba a tambaya.

A nan Ni'imatu ta fara ganin Jafar, wata Talata da hantsi. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ana wani bincike, ita ma ta sa hannu. Yakan ɗebi jininta kafin a kunna injin, ya sake ɗiba bayan an kashe, ya sa cikin ƙanƙara.

Ta ce, "Malam mai kwalba, mi kaka yi da shi? Miya?"

Ya yi murmushi. "Ƙoda na sakin wani sinadari cikin jini, renin sunansa. Idan inji ya janye ruwa, shi ke sa jijiyoyi su matse, kada jini ya faɗi. Muna auna shi kafin wanki da bayan wanki. Naki ba ya ko motsi, shi ya sa kike sanyi kina ganin duhu."

"To, ka tashe shi mana."

Wata huɗu ana haka. Ranar da jininta ya faɗi har ta daina jin muryoyi sai gurnanin injin, fuskarsa ta fara gani da ta farfaɗo. Da la'asar saƙo ya shigo: "Ni'imata, yau kin tsorata ni. Ina son a ba ni izinin tsorata har ƙarshen rayuwata."

Ta amsa: "Izini na hannun Baba. Ni dai na ba da nawa."

Alhaji Mani, mahaifinta, mahauci ne a Ƙofar Kware. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Shekara talatin ina yanka. Jini ƙasa aka ba, a rufe. Yaron ga ya aje naki wata huɗu, yau kin ce in ba shi ba sai rijiya. Ba ki sake taka wurin nan."

Mutum ne mai lissafi, kuma lissafinsa ya fita daidai. Amsar ce kawai ba daidai ba.

Talata ta wuce, Juma'a ta wuce, ranakun wankinta, ba ta je ba. Ƙafafunta suka cika, fuskarta ta kumbura har madubi ya nuna mata wata baƙuwa. Idan ta kwanta sai ta ji ruwa yana motsi a ƙirjinta, kamar wani na wanke hannu a ciki.

Ranar Asabar Jafar ya zo rumfar nama, ya durƙusa. Ni'imatu ta ji labarin daga baya, daga bakin mahaifin da kansa.

"Baba, ka zo ka karɓi jininta da hannunka. Ni kuma na bar ɗakin, na share lambarta. A kai ta yau, don Allah."

Da izinin likita aka buɗe wa Alhaji Mani firjin da ake ajiye jinin. Wani farin hayaƙi mai sanyi ya gangaro ya kwanta kan takalmansa. Kwalabe jere, an manna wa kowacce takarda. Ya tambayi masu su. Likitan ya ce wasu suna nan, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Alhaji Mani, wanda bai taɓa jin tsoron jini ba, ya ja da baya yana salati.

Ranar aka ɗora ta kan injin. Shi kuma mahaifin ya haƙa rami a bayan ɗakinsa, ya binne kwalaben jininta talatin da biyu, ya zauna jiran asiri ya karye.

Sati shida babu saƙo. Wata mata ce ke zuwa ɗibar jinin sauran marasa lafiya. Ni'imatu ba ta yi kuka a gaban mahaifinta ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Wata safiya ya same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Ɗiyata, yanzu kin warware?"

Ta ajiye faifan. "Baba, kai ka binne wancan jinin. Wanga da ke jikina, sau goma sha biyu inji na wanke shi tun rannan. Ya hidda gishiri, ya hidda ruwa. Jafar shina nan."

Ya daɗe yana kallon inda ya haƙa ramin. Ciyawa har ta fito a wurin.

"Ki ce mai shi turo magabatansa," in ji shi. "Kuma shi koma bakin aikinsa. Matar can ba ta iya allura ba, na gani."

An ɗaura auren ranar Asabar, don Juma'a ranar wanki ce, injin kuwa ba ya ɗaga wa amarya ƙafa. Da aka kai ta gidan miji a unguwar Mabera, Jafar ya riƙe hannunta, hannun da babu tabon allura.

"Sati shida, Ni'imata. Ban zaci za ki jira ba."

"Ina zan tahi, mai kwalba? Talata ma kai za ka raka ni."

Alhaji Mani ya yanka bijimi biyu, ya rufe jininsu da ƙasa, ya ɗaga hannu. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara wa amarya sauƙi, ya ja kwanansu tare. Jama'a suka shafa.