Hasken da ke Cikin Jinin Malam Barau

Na'urar ta tsotsi ɗigon jini ɗaya daga yatsan Malam Barau, ta gauraya shi da ɗigon rigakafi, sai bangon ɗakin ya rikiɗe baƙi ƙirin. Madubin Jini ake kiranta. Dakta Talatu Gambo ce ta ƙera ta a Sabuwar Zariya, shekarar da annobar Shuɗin Tari ta rufe kasuwanni. Aikinta shi ne ta girmama abin da ke faruwa a cikin jini har ido ya gani.

Malam Barau direban jirgin ƙasa ne, wata tara yana jiran dashen zuciya. Ga zuciyar ta samu, tana bugawa cikin tulun gilashi a ɗakin tiyata, amma ya ƙi allurar rigakafin Shuɗin Tari. Dole kuwa a yi ta kafin aiki, domin magungunan da ake sha bayan dashe suna kwantar da garkuwar jiki.

"Likita, an ce tana daskarar da jini," in ji shi. "Ni da zuciyata ke rarrafe?"

"Baba, ba zan yi maka musu ba. Duba kawai."

Ɗigon haske ya tsiro a bangon. Ya zama goma, ya zama dubu. Ƙwayoyin garkuwa suka taso kamar taurari, suna zagaye baƙon da ya shigo, wato rigakafin, suna haddace kamanninsa, suna miƙa wa na bayansu. Ɗakin ya haskaka har ana ganin hawayen da ke bin gemunsa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya faɗa a hankali. "Duk wannan a jikina yake? Shekara sittin ban sani ba?"

A gadon gefe akwai Malama Lantana, malamar firamare da aka yi wa dashe wata uku da suka wuce. Lokacin nata aikin ba a samo rigakafin ba tukuna. Ta miƙo yatsa.

"Ni ma a gwada nawa."

Dakta Talatu ta ɗauki jinin. Bangon ya yi duhu. Haske uku suka kyafta, biyu suka mutu, ɗaya ya tsaya yana rawa shi kaɗai.

Likitar ta ƙera na'urar ne don ta rarrashi masu tsoro. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa wata rana za ta nuna wa mutum irin tsiraicin da yake ciki.

"To ni wa zai tsare ni?" Lantana ta tambaya.

Malam Barau ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa.

"Mu, Malama. 'Ya'yana bakwai ne, gobe duk za su zo a yi musu allurar, kada cutar ta samu hanyar zuwa gare ki."

Dakta Talatu ta kai hannu za ta kashe na'urar.

"Bar shi, Likita," in ji Lantana, idonta a kan bangon. "Ina so in ga iya daɗewar da hasken nan zai yi."