Amalar Gidan Surukai

"Loma ɗaya, Lado... da me za ta rage ka?"

"A gaban mahaifiyarki? Haba abar ƙaunata, a garinmu ko ruwa mutum ba ya sha a gidan surukai."

Bilkis ta bi motocin danfo da ke wucewa da kallo. Bayarabiya ce haifaffiyar Agege, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ta san kunya ce ta hana shi taɓa amalar da Mama ta tuƙa masa jiya. Ta kuma san abin da Mama ta gani: baƙo ya ƙyamaci abincinta.

"Wanda bai ci nawa ba, ba zai ɗauki tawa ba," Mama ta faɗa jiyan da Yarabanci, ta kwashe kwanukanta.

Bilkis ba ta yi kuka ba. Zuciyar ce ta mutu mata, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai.

"Ka dawo Juma'a ka ci," ta ce masa. "In dai kana so na."

Ya dawo kuwa, tare da Kawu Sale, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya koya masa cinikin albasa a kasuwar Mile 12. Mama ta dire kwano a gaban Lado ta harɗe hannuwa. Lado ya dubi Bilkis a bakin ƙofa, ya wanke hannu, ya gutsura. Ya kai baki.

"Yawwa, omo mi... ɗana ke nan," in ji Mama, fuska fal murmushi, tana ƙara masa miya.

Kawu Sale ya miƙe a hankali.

"An ce min an shanye ka, na ƙaryata. Yau na gani da idona."

"Kawu, al'adarsu ce..."

"To ka zauna a cikinta. Ba da bakina za a nemi auren nan ba. Ka taso, ko ka nemi wani uban."

Lado ya sunkuyar da kai. Sannan ya tashi ya bi bayansa, ko hannu bai wanke ba. Bai waiwayo ba, Bilkis ma ba ta kira shi ba.

Mama, wadda Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ta dube ta, ludayi a hannu, har yanzu da sauran murmushi.

"Me tsohon ya ce?"

Bilkis ta durƙusa tana haɗa kwanuka.

"Cewa ya yi miyar ta yi daɗi, Mama."