Ranar Da Dudu Ta Faɗi A Ofis

Takalma na fara gani.

Takalma da yawa, sun kewaye ni daga nesa, kamar an ja musu layi a ƙasa an ce kada wanda ya tsallake.

Kuncina yana kan sumunti, harshena yana zugi, bakina duk ɗanɗanon jini. Na san abin da ya faru. Farfaɗiyata ce ta tashi, a tsakiyar ofishin ƙungiyar masunta da ke bakin ruwa a Yelwa, inda nake aikin buga tafireta. Ƙwayar maganina ta ƙare, asibiti sun ce sai an kawo daga Sakkwato, ni kuma na yi ta lallaɓawa har ta kai ni ƙasa.

"Kada ku taɓa ta!" Muryar Balaraba ce, mai jera fayil. "Wallahi yawun nan in ya taɓa mutum shi ke nan, ya ɗauka!"

"A ƙona tsumma a sa mata ga hanci," in ji Malam Dogo, babban akawunmu. Shi kansa hankici ne a kan nasa hancin.

"Cokali ake sa musu a baki!" Isa direba ke nan, yana ba da shawara ta taga, daga waje.

Manyan mutane fa! Masu biro uku-uku a aljihu!

"Ku ba ni hanya!"

Sahabi ne, makanikin da ke gyara injinan jiragen ƙungiya. Ya ture Malam Dogo gefe, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ya sa mini a ƙarƙashin kai. Ya juya ni kan haƙarƙarina. Sannan ya sa tafin hannunsa, da baƙin mai da komai, ya share mini baki.

Balaraba ta ƙwalla ihu. "Sahabi! Hannunka!"

Ko kallon ta bai yi ba.

"Dudu... Duduna, kina ji na? Ni ne. Ya wuce."

Na rufe ido. Gara mini ciwon harshe da kunyar da ta rufe ni. Mun daɗe muna zance da Sahabi, har ya fara maganar turo manyansa, amma ban taɓa faɗa masa ina da ciwon ba.

Shi ya raka ni gida. Muna tafe a hankali ta bayan rumfunan masu ɗinkin komar kamun kifi.

"Don mi kika ɓoye min?"

"Ai ka gani da idonka yau. Ka ga yadda mutane suke."

"Ni mutane ne?"

Na kau da kai gefe.

"Ina da ƙanwa," ya ce, "Lami. Ita ma tana da shi. Ni ke riƙe ta in ya tashi."

"Tana ina yanzu?"

Ya juya ya dubi tafki.

"Ta tahi wanki bakin ruwa ita kaɗai, a garinmu Wara. Ruwan ko gwiwa bai kai ba..."

Ban ƙara tambaya ba.

Da na koma aiki, sai na tarar an ja teburina an kai bakin ƙofar sito, kusa da tulin tsofaffin raga. A kan randar ofis an ɗaure wani gwangwanin madara da igiya. Nawa ke nan. Su kuma sun ci gaba da shan ruwa da moɗa guda, har da Isa mai tarin da ba ya ƙarewa.

Malam Dogo ya kira ni. Ya tsaya can bayan teburinsa, ni kuma ya nuna mini bakin ƙofa.

"Malama Dudu, mu fa ba mu ƙyamar kowa a nan."

"Na gani, Malam."

"Sai dai ina roƙon ki abu guda. Duk ranar da za ki faɗi, ki riƙa sanar da mu tun jajibere, mu ba ki hutu."

Na dube shi da kyau, ko wasa yake yi. Wallahi da gaske yake!

"To, Malam. In ta aiko min da saƙo zan kawo maka."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Bai ma san magana na faɗa masa ba.

"Kuma ni ina ganin ƙarar tafiretar nan ke tayar da mutanen kanki. Akwai wani mutum a Shanga, gwani ne wajen mutanen ruwa..."

"Ba ni da mutane a kai, Malam. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita ya faɗa."

"Likita!" Ya yi murmushin tausayi. "Yarinya ke nan."

Isa kuwa suna ya raɗa mini: Tarwaɗa. In na wuce sai ya karkace baki, ya kaɗa kafaɗu, wai yana kwaikwayon kifi a kan yashi. Su yi ta dariya. Ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar, abin da ya iya ke nan.

Ban taɓa kuka a gabansu ba. Wa? Su? Hawayena ya fi ƙarfinsu. Nakan sa takarda a tafireta in yi ta bugu da ƙarfi har ƙarar ta danne dariyar. Sai na koma gida nake shigewa ɗakin innata in yi mai isata.

Sahabi kullum da azahar sai ya hawo daga bakin ruwa, ya jawo benci ya zauna kusa da teburina, ya sa hannu cikin kwanona.

"Tauraruwata, mi anka dafa muna yau?"

"Shinkafa da wake. Ba ka tsoron ka ɗauka?"

"Na riga na ɗauka. Tun ranar da na fara ganin ki nake faɗuwa."

"Kai dai Allah ya shirye ka!"

Balaraba tana can tana jifar fayil cikin kabad kamar su suka yi mata laifi. Kowa ya san ta daɗe tana kai wa Sahabi fura bakin ruwa, yana ba yaran jirgi suna shanyewa.

Ranar kasuwar Wara, Balaraba ta nemi izini, wai za ta gaida gwaggonta. Gwaggo! Ashe gidan su Sahabi ta nufa. Ta zauna ta zayyana wa mahaifiyarsa komai, har da ƙari: wai aljanin ruwa ne ya aure ni, wai kullum sai na faɗi, wai duk ɗan da na haifa da shi zai zo.

Bayan haka Sahabi ya yi kwanaki bai hawo da azahar ba.

Da ya zo gidanmu zance, tun daga yadda ya zauna a bakin tabarma na san da magana.

"Inna ta ce a'a."

"Na zata."

"Na yi ta roƙon ta, Dudu. Har kawuna na sa. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, amma da sharaɗi."

"Ina ji."

"Ki bar aiki. Ki zauna cikin gida, ba hita ko'ina. Kuma kada kowa a Wara ya san kina da shi."

"Kai mi ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Masoyiya, ki duba... ai kin huta da su Isa. Kin huta da wulaƙanci. Ni zan ɗauke miki komai."

Na yi dariya. Wata irin dariya mai ɗaci da ban san ina da ita ba.

"Kai ma?"

"Dudu..."

"Malam Dogo ya kai ni bakin sito, kai za ka kai ni ƙuryar ɗaki ka rufe. Mi ya raba ku? Shi dai bai ce yana so na ba!"

"Tsoro nake ji! Ba ki ga Lami ba ranar da anka ɗauko ta!"

"Ni ba Lami ba ce. Kuma ban yi sata ba balle a ɓoye ni. Tashi ka tahi, Sahabi. In kana neman abin rufewa a ɗaki, ka sayi akwati."

Na shige gida na bar shi nan zaune.

Kwana na yi ina juyi. Ina son sa, wannan ba ƙarya. Kuma na san ba mugunta ce ta sa shi ba. Amma raina ya ƙi yarda a yanke mini hukunci a garin da ba a taɓa ganin fuskata ba.

Da kasuwar Wara ta zagayo na ce wa innata zan je.

"Ke Dudu! Budurwa ta kai kanta gidan surukai? Ina kunyarki?"

"Inna, an riga an kai ni can a baki. Gara in je da ƙafata."

Na shiga motar 'yan kasuwa. Hanya duk gargada, muna ta karo da kwandunan da ke warin kifi.

Na sami Inna Indo, mahaifiyar Sahabi, a bayan gida tana bandar kifi, hayaƙi ya turnuƙe. Doguwar mace ce, busasshiya, idanunta jajaye saboda shekarun da ta yi a bakin wuta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo daga ɗankwali har takalmi.

"Ke ta Dudu?"

"Ni ce, Inna."

"Lalle ɗiyan boko! Ke da kanki? To ba ki ji saƙona ba?"

"Na ji. Na zo in ce ba zan iya ba."

"Sai ki koma inda kika hito. Ɗana ba shi rasa mata."

"Zan koma, Inna. Amma abin da anka faɗa miki a kaina, rabinsa ƙarya ne. Ba ni da aljani. Ba kuma kullum nake faɗuwa ba. Tun ina makaranta nake shan magani, nakan yi shekara ban faɗi ba. Wancan karon ma ƙarewa ya yi."

"Magani!" Ta tsartar da yawu gefe. "Wane irin magani ne ban yi ma Lami ba? Hayaƙi, rubutu, wanka, baƙin bunsuru, har tsibiri na kai ta cikin jirgi. Ki zo nan ki gaya min magani?"

Na kwance bakin gyalena na fito da 'yar kwalbar. Na zuba ƙwaya ɗaya a tafin hannu na miƙa mata. Fara, ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ta kalle ta a wulaƙance.

"Wagga 'yar abu?"

"Ita ce, Inna. Kullum kafin in kwanta. Ba ta warkarwa, amma tana riƙe shi. Ba ni shiga ruwa ni kaɗai, ba ni girki ni kaɗai a bakin babbar wuta. Sauran kuwa, duk abin da mace ke yi ina yi."

Ta ɗauki ƙwayar da yatsunta masu baƙin hayaƙi, tana juya ta.

"Ina aka samun ta?"

"Asibitin Yelwa."

"Yelwa..." Ta maimaita a hankali. "Nan Yelwa da nike kai kihi?"

"Nan."

"Tun yaushe take akwai?"

Na so in yi mata ƙarya. Wallahi na so.

"Tun kafin a haife ni, Inna."

Ta mayar mini da ƙwayar, ta juya baya, ta shiga juya kifi a kan raga ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ta riga ta juya. Kafaɗunta suna rawa. Na tsaya nan, duk tsiwar da na ƙullo daga gida ta zube.

"Kunya ta sa na ɓoye ta," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Kada a ce gidanmu da abin nan, a ƙi auren 'yan'uwanta. Ko maƙwabta ba su sani ba. Da sun sani, da wani ya bi ta bakin ruwa rannan."

Na matsa na karɓi itacen da ke hannunta na gyara wutar.

"Matsa daga nan!" Ta daka mini tsawa, ta fizgo ni baya. "Ba yanzu kika ce ba ki zama bakin wuta ba?"

"Ni kaɗai na ce, Inna. Ai kina nan."

Ta harare ni da jajayen idanunta. Sannan ta share fuska da bakin zane.

"Bakinki ya yi yawa. Ki ce ma ubanki muna nan tahe bayan Juma'a."

Sahabi yana tasha yana jira na da na sauka a Yelwa. Innata ce ta faɗa masa inda na tafi. Duk ya faɗa, kamar shi ne marar lafiyar.

"Dudu, na yi kuskure."

"Ka yi."

"Ki yafe min, rabin raina."

"Zan duba. Ɗauki kwandon nan tukuna, innarka ce ta ba ni kifi."

Ya dubi kwandon, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da hawaye a tsakiyar tasha.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Muka kama gida a Yelwa, kusa da asibiti, don Inna Indo ta ce ba ta yarda a yi nisa da maganin ba. Duk wanda ya tambaye ta a Wara, da bakinta take faɗa masa: surukarta tana da farfaɗiya, tana kuma aikin ofis, sai mi?

Balaraba ba ta zo biki ba, wai ciwon kai. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yan ofis kuwa ba su sake hali ba, ni ma ban sa rai ba. Ranar da na koma aiki da lallena a hannu, na ja teburina da kaina na mayar da shi inda yake tun farko, ƙarƙashin fanka.

Can sai ga Malam Dogo ya leƙo, yana washe baki.

"Amarya! Barka da arziki. To yanzu sai a bar shan ƙwaya ko? Ai an ce aure na warkar da irin wanga abu na ƙwaƙwalwa."

Na sa takarda a tafireta, na daidaita ta, sannan na ɗago.

"Haba, Malam. Kai da ka yi aure har uku, ka warke?"