Bayan Jar Riga

A wani gari an yi wani tela mai ajiye siririn mutum-mutumi a ƙofar shagonsa, sanye da jar riga. Kullum wata yarinya mai ƙiba takan tsaya, ta kalli riga, ta kalli cikinta. Har ta daina cin tuwo, wai sai ta rame kamarsa.

Ran nan iska ta kayar da mutum-mutumin rub da ciki. Sai ga bayan rigar, an tattare an soke da allurai.

Ta ce, "Baba tela, ashe shi ma ba ta yi masa daidai ba!"

Tela ya yi dariya ya ce, "Ai shi aikinsa kiran masu saye. Zo in auna ki, 'yata."

Ta ce, "Bari in ci tuwona tukuna."